Unguwa mai sauƙin haya da makarantar kirki, ta ina ake farawa?

Wani bawan Allah ne ya tambaya, yace an canza masa wurin aiki zuwa wani babban gari, hayar cikin garin ta fi ƙarfin albashinsa, gashi da mata da yara uku, babbar shekararta 14, mai bi mata 8, autan kuma 4. Yana so a bashi shawara wace irin unguwa zai nema a gefen gari wadda bata da tsada amma makarantunta masu kyau ne.

Toh ɗan'uwa Allah ya sanya alheri a wannan canji, ya sa kuma ku shiga a sa'a. Baka faɗi garin ba, kuma gaskiya ko ka faɗa bazan ce maka tafi unguwa kaza ba, dan unguwar da ta yiwa wani daidai kai tana iya zame maka wahala, ya danganta da inda ofis ɗinka yake da shekarun yaranka da abun da yake shigowa aljihunka duk wata. Abun da zan iya shine in nuna maka yadda ake auna abun. Na daɗe a harkar makarantu, na koyar a aji, nayi aikin zagayen duba makarantu, kuma iyaye sun sha tare ni da irin wannan tambayar.

Yawancin mutane in sukace makaranta kaza tana da kyau, sakamakon jarabawar ƙarshe suke nufi, wato yara nawa suka ci, nawa suka wuce jami'a. Matsalar ita ce wannan sakamakon ya fi baka labarin gidajen da yaran suka fito akan labarin abun da malamai suka yi a cikin aji. Yaron da iyayensa sukayi karatu, akwai littattafai a gidansu, ana biya masa lesin da yamma, yana ci ya ƙoshi yana bacci akan lokaci, wannan duk inda ka ajiye shi sai ya taɓuka wani abu. Ka tara irinsu arba'in a aji ɗaya ai dole sakamako yayi kyau, ko da malamin rabin lokacinsa yana danna waya ne. Wannan ba ra'ayina bane ni kaɗai. Tun 1966 wani masani James Coleman ya jagoranci bincike a Amurka akan ɗalibai sama da 600,000, abun da ya fito shine bambancin makin yara ya fi alaƙa da yanayin gidajensu da irin abokan karatunsu akan gini ko kayan aikin makarantar. An yi ta jayayya da shi shekara da shekaru amma asalin maganar tana nan.

Akwai wani binciken da ni ya fi burge ni, na 2014, wanda masanin tattalin arziki Joshua Angrist (yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2021) da abokan aikinsa biyu suka yi akan manyan makarantun gwamnati na Boston da New York waɗanda sai an ci jarabawa ake shiga, irin waɗanda iyaye suke kwana addu'a akansu. Sai suka ɗauki yaran da suka haye da ƙyar, maki ɗaya ko biyu sama da layi, suka kwatanta su da waɗanda suka faɗi da ƙyar suka tafi makarantun da basu kai waɗancan suna ba. Kaga ai yaran kusan ɗaya suke a ƙoƙari. Da aka zo jarabawowin gaba, bambancin makinsu ɗan kaɗan ne ko ma babu. Ma'ana makarantar tayi suna ne saboda tana zaɓar haziƙai tun daga ƙofa.

Me ya haɗa wannan da haya? Ai shine gaba ɗaya maganar. Sunan makaranta yana shiga cikin kuɗin gida, kai baka sani ba kana biya. Wata masaniyar tattalin arziki Sandra Black ta auna shi a 1999 a unguwannin gefen Boston, inda adireshinka ne yake yanke makarantar da ɗanka zai shiga. Ta kwatanta gidajen da suke kusa da juna, iri ɗaya, unguwa ɗaya, sai dai iyakar makaranta ta ratsa tsakaninsu, wannan ɓangaren makaranta kaza, wancan makaranta kaza. Ta samu cewa in makin makaranta ya ɗara da kashi 5 cikin 100, kuɗin gida yana ɗarawa da kusan kashi 2.5. Toh in ka haɗa maganganun nan zaka ga inda damarka take. Unguwar da kowa ya yarda makarantarta ce ta ɗaya ta riga ta yi tsada, babu wata araha da ta rage a can, kada ma ka ɓata takalminka. Abun da zaka nema shine makarantar da ake aiki tuƙuru a cikinta amma sunanta bai riga ya bazu ba, galibi tana unguwar masu matsakaicin ƙarfi, ma'aikata da ƴan kasuwa ƙanana, sakamakonta ba na ɗaya bane amma duk shekara yana ɗan hawa. Irin waɗannan suna nan a kusan kowane babban gari, sai dai ba'a samunsu daga kan kujera.

A wasu ƙasashen hukuma tana sauƙaƙa aikin. Ingila misali a 2016 suka fara fitar da wani ma'auni da suke kira Progress 8, wanda yake duba inda yaro yake lokacin da ya gama firamare da inda ya kai a ƙarshen sakandare, wato abun da makarantar ta ƙara masa. In garin da zaka yana da irin wannan, shi zaka duba kafin jerin waɗanda suka fi maki. In babu, ko ma akwai, gani ya kori ji, sai ka taka da ƙafarka.

Kuma kar kaje ranar da suka gayyaci iyaye, ranar an share ko'ina an wanke allo an zaɓo yara masu baki su tarbe ku. Kaje ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya, kace kai uba ne mai shirin kawo yara kana so ka zaga. Yadda suka karɓi wannan roƙon ma amsa ce. Kana tafiya a baranda ka ringa ƙirga azuzuwa nawa ne da malami a tsaye yana koyarwa, nawa ne monita yake rubuta sunayen masu surutu. Kar ka ɗauka ƙaramin abu ne, wani bincike da aka yi da Bankin Duniya aka buga a 2006, an ringa kai ziyarar bazata makarantun firamare a ƙasashe shida, Bangladesh, Ekwado, Indiya, Indonesiya, Peru da Uganda, aka samu a matsakaici kashi 19 cikin 100 na malamai basa nan a lokacin aiki, a Uganda kashi 27, a Indiya kashi 25. Makaranta duk kyan gininta in malami baya aji ai zaman jira yara suke yi.

Sai littafin rubutu. Wannan shine abun da nake fara nema duk makarantar da na shiga, kuma kai ma zaka iya, baya buƙatar wani digiri. Ka roƙi malamar aji uku ta baka littafin lissafi na yaro ɗaya, amma kai zaka nuna yaron, ka zaɓi na bencin baya ba wanda ita zata miƙo maka ba. Buɗe daga ƙarshe. Duba kwanan watan aikin ƙarshe, in sati biyu kenan ba'a rubuta komai ba ka san inda aka kwana. Duba jan biro, shin alamar daidai kawai ake ja a wuce har akan amsar da ba daidai ba, ko kuwa inda yaron ya rubuta 7 sau 8 daidai da 54 an zagaye an sa shi ya sake, kuma a shafi na gaba ka ga gyaran da hannunsa? Sannan ka koma shafin farko na zangon ka kwatanta rubutunsa na lokacin da na yanzu. In ka ga yaron bencin baya yana gaba, wallahi wannan makarantar ta fi wadda ta cika bango da hotunan waɗanda suka ci gasa. In malamar ta yarda, ka ba yaro ɗaya ko biyu littafin aji biyu su karanta maka layi huɗu. Wannan gwajin ne wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham take yi gida gida tun 2005, kuma shekara da shekaru suna samun kusan rabin yaran aji biyar na karkara basa iya karanta rubutun aji biyu, alhali duk suna zuwa makaranta suna hayewa aji na gaba. Kaga hayewa aji ba shine iya karatu ba.

Daga nan ka zauna da hedimasta ko firinsifal, ka tambaye shi shekara nawa yayi a kujerar, malamai nawa suka bar makarantar bara. Makarantar da take canza malamin lissafi sau uku a shekara akwai abun da yake korar su, ko albashi baya fita akan lokaci ko shugabancin ne ba daɗi, kuma yaranka ne zasu biya. Ga wata tambaya da ba kowa ne yake yi ba, musamman a sakandare: yaran da suka zana jarabawar ƙarshe bana, su nawa ne lokacin da suka shigo aji ɗaya? In sun shigo su 120 amma 70 suka zana, ina sauran hamsin ɗin? Wasu makarantun suna sallamar masu rauni kafin jarabawa ko su sa su yi rajista a wani wuri dan kada su ɓata musu lissafi, sai ka ga an kafa allo a bakin ƙofa wai kowa ya ci. Haka kuma in littattafan yaran babu komai amma sakamako kamar na malaman jami'a, ka san akwai lauje cikin naɗi, kuma baka so ɗanka ya saba da irin wannan cin.

Yawan yara a aji yana da tasiri amma an fi jinsa a ƙananan azuzuwa. Gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985 ya nuna yaran da aka sa a aji mai mutum 13 zuwa 17 daga rabin aji zuwa aji uku sun fi na aji mai 22 zuwa 25 ƙoƙari. Dan haka autanka da mai shekara 8 su ne zaka fi damuwa da wannan. Ni dai a ganina malami nagari da yara 35 ya fi malalaci da yara 15, kar ƙaramin aji kaɗai ya ruɗe ka. Kafin ka fita kuma ka leƙa banɗakin ɗalibai, ba na malamai ba. Kana da ƴa mai shekara 14, in babu ruwa babu ƙofa mai sakata, zata ringa rasa kwanaki duk wata kuma bazata faɗa maka dalili ba. Sai ka tsaya a bakin get lokacin tashi ka ga yadda yara suke fitowa, wa yake tsallakar da ƙanana titi, ka kuma ja uwa ɗaya ko biyu da hira. Su basu da abun sayarwa, zasu faɗa maka gaskiya har da wadda baka tambaya ba.

Yanzu a ce ka samu makarantu biyu ko uku da suka kwanta maka. Kar ka biya ko sisi na haya sai ka tabbatar yaranka zasu samu shiga. Anan ne mutane suka fi faɗawa rami. Dillali zai nuna maka rufin makarantar daga tagar ɗaki yace ai gata nan ko jifa kayi zaka same ta, kuma ba ƙarya yayi ba, amma ganin makaranta daban, samun gurbi daban. Wasu garuruwan adireshi ne yake yanke hukunci kuma layin iyakar yana iya bi ta tsakiyar titinku, maƙwabcin da kuke kallon juna yaransa su shiga naka a tura su wata mai nisa. Wasu wuraren nisan gida ake aunawa, wasu jarabawar shiga, wasu kuma wanda ya riga zuwa. Kuma iyakar nan ana sake zana ta in yara suka yi yawa. Kaje ofishin ilimi na yankin ko ofishin makarantar da kanka da cikakken adireshin gidan a hannu, ka tambaya akwai gurbi a aji kaza da aji kaza a wannan zangon? Ka ambaci ajin, dan makaranta tana iya samun wuri a aji ɗaya amma aji uku ya cika maƙil da jerin masu jira. In da hali a baka a rubuce. Ka tuna ma kai ba makaranta ɗaya kake nema ba, kana neman sakandare da firamare da ta ƴan share fage, kuma da wuya unguwa ɗaya ta haɗa ukun duk masu kyau.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo mu gefen gari tun farko. Hausawa sunce araha bata ado, kuma a harkar gida haka yake, hayar da ta sauka sosai akwai inda zata fanshe, yawanci a hanya. An saba cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abun da kake samu, amma wata cibiya a Chicago mai suna Center for Neighborhood Technology ta kawo gyara mai ma'ana, tace a haɗa gida da zirga-zirga a auna su tare, kada su wuce kashi 45. Bari in baka misali na ƙirƙira dan ka gane. A ce albashinka kashi 100 ne. Unguwa ta farko haya 30, kuɗin mota 7 saboda bas ɗaya zaka hau kuma yara da ƙafa suke zuwa makaranta, jimla 37. Ta biyu haya 20, ka ji daɗi kace ka tsira da goma, amma kai mota biyu zaka hau zuwa biyu dawowa, 12 kenan, motar makarantar yara uku 8, jimla 40, kuma bamu sa ruwan da zaku saya ba in famfo bai kai can ba, bamu sa maman yara ba in tana aiki ko sana'ar da sai ta shiga gari. In kuma makarantar gwamnatin can bata yi ba har sai ka kai su ta kuɗi, toh lissafin ya tashi gaba ɗaya, dan autanka kaɗai yana da shekara goma sha wani abu a gabansa. Sau da yawa gida mai ɗan tsada kusa da makarantar gwamnati mai kyau ya fi sauƙi akan gida mai araha da kuɗin makarantar yara uku a kai. Ka zauna da biro da takarda kai da uwargida kuyi wa kowace unguwa irin wannan lissafin, na shekara guda ba na wata ba.

In ta kuɗin ce dole, kar ka tsaya a kuɗin zango da suka rubuta a fom. Tambayi nawa ake biya shekara uku da suka wuce dan ka ga gudun ƙarin, sannan yunifom da littattafai da kuɗin jarabawa da na mota da lesin ɗin da suke cewa ba dole bane amma duk ajin suna yi. Kuma akwai ragi ga wanda ya kawo yara sama da ɗaya? Da yawa suna yi amma sai ka tambaya.

Akwai kuma kuɗin da ba'a cirewa daga aljihu, lokaci. Ƙarin minti 45 zuwa da 45 dawowa awa ɗaya da rabi ne kullum, a kwana biyar na sati 48 ya zama awa 360, kwana 15 cur dare da rana kana zaune a mota. Awannin nan daga ina ake yanko su? Daga lokacin da zaka zauna ka duba aikin gidan mai shekara 8 ne, wanda kuma mun riga mun ce abun da ake yi a gida ya fi komai nauyi a sakamakon yaro. Kaga mutum yana iya ƙaura dan karatun yara ya ƙare baya ganinsu sai suna bacci. Su ma yaran haka, likitocin bacci na Amurka sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da za'a tasa ƙarfe biyar saboda motar makaranta sai ta zaga unguwa huɗu kafin ta isa, darasin farko gyangyaɗi zai yi komai ƙwarewar malamin. Kuma kar ka yarda da mintin da dillali ya faɗa ko wanda Google Maps ya nuna maka ranar hutu da rana. Ka kwana a kusa in zai yiwu, ka bi hanyar ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe da irin abun hawan da zaka ringa hawa, ka sake binta da yamma lokacin tashi daga aiki. Ka tambayi kanka kuma, in aka bugo waya ƙarfe goma akace autan yana zazzaɓi, wa zai isa makarantar kuma cikin minti nawa?

Ita kanta unguwar bazan tsawaita ba dan ka san yawancin abun dubawa, asibiti mafi kusa, wuta, ruwa, tsaro, ka je da rana ka koma da dare. Abu biyu kawai zan ƙara. Ka duba ƙasan katangun layin, in ka ga wani layi mai duhu ya bi su a tsayi ɗaya kamar an ja da rula, ko ka ga kowane gida ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, ruwa yana kwanciya a wurin, kuma watakila shine sirrin arahar. Na biyu, sabbin unguwannin da ake ta gini, gidaje suna riga makarantu zuwa da shekaru. Za'a nuna maka fili ace nan za'a gina firamare. Ɗanka bazai yi karatu a fili ba, ka yi lissafi da abun da yake tsaye yau, in ta zo daga baya riba ce.

Da zaka ji tawa, ko kana da kuɗin saye kar ka sayi gida a shekarar farko, kama haya. Garin da baka sani ba sai ka ga damina da rani a cikinsa kake gane shi, kuma fita daga haya ya fi sauƙi akan sayar da gidan da ka gano matsalarsa. Amma ka kama hayar a cikin yankin makarantar da ka zaɓa, yadda ko ka canza gida baɗi yaran bazasu canza makaranta ba. Yawan cire yaro daga wannan makaranta zuwa waccan yana ja masa baya, kowane canji sai ya ɓata watanni yana neman abokai yana gano inda aka tsaya a manhaja.

Wannan ya kawo ni kan babbar ƴarka, dan ita ce na fi ji. Kar maganata ta farko tasa ka ɗauka unguwa bata da tasiri, tana da shi sosai, sai dai a hankali yake taruwa. Tsakanin 1994 da 1998 gwamnatin Amurka tayi wani gwaji a birane biyar, Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York, da iyalai kusan 4,600, aka yi ƙuri'a aka ba wasu tallafin haya su koma unguwannin da talauci bai yi yawa ba. Da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi sawun yaran bayan sun girma, sai suka ga waɗanda aka ƙaura da su kafin su kai shekara 13 suna samun kuɗin shiga sama da takwarorinsu da kusan kashi 31 cikin 100, amma waɗanda suka haura 13 lokacin ƙaurar basu samu wannan ribar ba, wasu ma kamar an ɗan ja su baya. Dalilin da aka fi kawowa shine sun sha wahalar rabuwa da abokai da makaranta, kuma shekarun da suka rage musu a sabon wurin basu isa su fanshe ba. Iyalan can halinsu daban da naka, amma darasin ya shafe ka. Ƙananan biyu su ne zasu ci moriyar unguwar shekara da shekaru, dan haka ka zaɓi gida saboda firamarensu, kusa yadda za'a taka da ƙafa. Ita babbar zata iya hawa mota zuwa sakandare mai ɗan nisa, abun da take buƙata shine kada a yi mata canjin da gaggawa. Ka tabbatar sabuwar makarantar tana yin irin jarabawar da take shiryawa kuma tana da darussan da ta zaɓa, kada yarinya tana kimiyya a kaita inda babu malamin kemistiri. Ka tafi da ita ranar zagayen makarantun, ka bari ta faɗi wadda tafi kwanta mata a cikin biyun da ka tace, shekara 14 ba yarinya ƙarama bace, in da bakinta a zaɓin zata fi saurin sakin jiki.

In ofis zasu ɗaga maka ƙafa, ko kai ka fara tafiya ka bar su su ƙarasa shekarar karatu, hakan ya fi a tsige su a tsakiyar zango, kuma kai ma ka samu watannin da zaka yi duk zagayen nan a nutse. Kafin ku taso ka karɓi takardar canjin makaranta ta kowannensu, da sakamakon aƙalla shekara biyu na baya, da takardar haihuwa da katin rigakafin autan, ka ɗauki hotonsu duka a waya. Ka roƙi malaman lissafi da kimiyya na babbar su rubuta maka babin da suka tsaya, ka miƙa wa sabbin malaman a satin farko dan a san gibin da za'a cike mata tun kafin gwajin farko ya zo.